Ƙusa Huɗu a Ƙofar Mama NyaGondwe

Wongani Mhango abokin karatuna ne a makarantar tauhidi, kuma ban taɓa ganin wanda tarihin ikilisiya ya shiga jininsa kamarsa ba. Ya san shekarar da aka yi Paparoma uku a lokaci guda, amma bai san sunan mai dafa mana wake ba. Gwaninsa shi ne malamin nan na Jamus da ya kafa takardar ƙorafi a ƙofar majami'a shekara ɗari biyar da suka wuce. In ya zo wurin labarin, har murya takan yi masa rawa.

Da muka gama, aka tura shi shekarar gwaji a wani ƙauye bayan garin Rumphi. Ba a naɗa mutum fasto sai dattawan ikilisiya sun rubuta shaida mai kyau a kansa. Mai hankali yakan ci tuwon masara, ya gai da marasa lafiya, ya kama bakinsa. Wongani kuwa wata biyu kawai ya yi, ya gano kurakurai talatin da ɗaya a al'adun ikilisiyar. Ya rubuta su tsaf, ya ari guduma, ya buga takardar da ƙusa huɗu a ƙofar majami'a ranar Asabar.

Ƙofar nan sabuwa ce. Matan zumuntar ikilisiya sun yi damina biyu suna noman gyaɗa kafin su saye ta. Ƙusa ta uku ta tsaga katakon tun daga sama har mariƙi.

Shugabarsu, Mama NyaGondwe, ta same shi a bakin ƙofar yana jiran muhawara. Ta ce, "Ɗana, wa ya aike ka?"

"Mama, haka aka yi a Jamus."

"To, shi mutumin Jamus ɗin, uwarsa ce ta sayi ƙofar?"

Ya fara kawo mata shekarun tarihi, ta ce ya riƙe abinsa, gudumar kawai take so.

Dattawa suka zauna a kansa. Baba Chirwa, shugabansu, ya sa tabarau ya karanta takardar duka, abin da har yau Wongani ke alfahari da shi. Sai ya ce, "Yaro ya yi karatu. Talatin ba mu gane su ba. Amma na goma sha bakwai, da ya ce kai wa ma'aikacin coci kaji da garin masara ɗabi'ar zamanin duhu ce, mun karɓa."

Daga ranar aka daina kai masa komai, wata goma ya yi yana cin ganyen kabewa. Shaidar da suka rubuta layi ɗaya ce: kada a bar shi da guduma.

Ba a naɗa shi ba. Yanzu yana koyar da tarihi a sakandare, kuma ina tausayinsa, don mutumin kirki ne. Ƙusoshin suna nan. A jikinsu matan zumunta ke rataye jerin sunayen masu kai wa sabon fasto kaji.