Sakinatu da Shafin Masu Jirgin Lolo

Sakinatu ɗiyar masunta ce, a wata tunga da ke gangaren Lolo aka yanke mata cibiya, amma ko kusa ba ta iya iyo ba. Tun tana ƙarama, in ƙannenta suka faɗa kogin Kwara suna wasa, ita tana can kan tudu ta ƙanƙame zanenta. Mahaifinta, Malam Usuman, yakan ce wannan ɗiya tasa ta tudu ce, don haka ya bar ta ga boko. Ta yi karatun kwamfuta a Birnin Kebbi, ta yi aure a Bagudo, ta buɗe ɗan shago kusa da tasha inda take buga takardu tana haɗa wa makarantu da 'yan kasuwa shafukan intanet.

Wata rana da rani Alhaji Yero, shugaban ƙungiyar masu jiragen ruwa na Lolo, ya zo shagon. Ya ce labarin tashin ruwa yana zo musu daga mutanensu na Malanbil, can cikin Benin, amma in an tura shi a wasaf sai ya nutse cikin gaisuwar Juma'a da tsofaffin hotunan ambaliya, har ba a san sabo da tsoho ba.

"Wuri guda muka so, ɗiyata," in ji shi. "Mutum shi buɗe waya shi gani. In kore na, a tashi jirgi. In ja na, kowa shi ɗaure nashi."

Ta amsa. Sai da ya fita ta gane nauyin abin da ta ɗauka, don shafin makaranta in ya ƙi buɗewa tsaki kawai za a yi, wannan kuwa rayuka za su hau kansa.

Abu na farko da ya tsaya mata shi ne firemwok, wato kayan gini da aka riga aka harhaɗa, waɗanda mai shafi ke ɗora fuskar shafinsa a kai, fuskar da mai waya ke gani yana taɓawa. Biyu ne a gabanta. Ɗaya babba ne, shi ake yayi, kowane mai sana'ar ya iya shi, amma yana da nauyin saukowa a waya. Ɗayan ƙarami ne mara nauyi, sai dai a duk Kebbi ba ta san wanda ke aiki da shi ba.

Ta kira ɗan kawunta Mansur, wanda ke wannan aiki a Abuja.

"Ɗauki babban," ya ce. "In kika kwanta ciwo, kowa zai iya karɓar aikin. Ƙaramin nan in ya ɓaci, ke kaɗai ce a daji."

"Yaya, ka san wayoyin mutanenmu. Ka san sabis ɗin bakin ruwa."

"Na sani. Amma kin ga kina da juna biyu, kuma lokacin haihuwarki da damina zai zo."

Maganar ta zauna mata a ƙirji, domin gaskiya ce. Ta haɗa gwaji da kowanne, ranar kasuwar Lolo mijinta ya kai ta bakin ruwa. Nan wayoyi ke rikicewa, su saki layin Najeriya su kama na Benin, su sake dawowa. Ta ari wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi a hannun wani matuƙin jirgi. Gwajin babban ya tsaya fari fat yana juyi har mai wayar ya gaji ya karɓi abarsa. Da ta lallashe shi ya sake ba ta, na ƙaramin ya buɗe kafin ta gama gyara mayafinta.

Duk da haka ba ta yanke ba. Ta wuce gidan kawunta Malam Bunyaminu, wanda ya daɗe yana rajistara a kotun shari'a kafin ya huta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Kawu, in mutum ya yarda da abin da na haɗa, ya shiga ruwa ya halaka, alhakin ransa yana wuyana?"

Ya ce, "Amana ta kinka ɗauka. Wanda yay yi iyakar ƙoƙarinai ba ɗaya yake da mai sakaci ba. Amma kak ki ɓoye musu inda abin ke da rauni."

Ta zaɓi ƙaramin. Ta kuma ƙara masa wata dabara da ta yi alfahari da ita: shafin zai riƙa ajiye kansa cikin waya, ko sabis ya ɗauke mutum ya buɗe ya ga labarin ƙarshe. Damina ta faɗi, masu jirgi suka saba da shi, har masu kifi da matan da ke kai shinkafa kasuwa suna tambayar, "Mi shafin Sakinatu yac ce?"

Cikin Satumba, cikinta ya tsufa har ba ta iya zuwa shago. Ranar wata kasuwa da hantsi tana zaune kan tabarma, ƙafafunta a kumbure, ta buɗe shafin ta gan shi ja wur. Tun asuba wakilin ƙungiya ya sa labarin cewa ruwa ya taso daga sama da ƙarfi, yana janyo itatuwa. Ta kira mahaifinta don ta ji ko sun ɗaure jirage.

"Lahiya lau muke," in ji Malam Usuman. "Ga shi nan kore ga wayata. Jirgin Jabiru ma ya tashi da mata tun ɗazu."

Jabiru ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Baba, kore ka gani?"

"Kore shar."

Nan take ta gane. An yi hadari jiya, sabis ɗin intanet ya ɗauke a tungayen, wayoyinsu suna nuna musu koren jiya da suka ajiye, kuma babu wani abu a fuskar shafin da ke cewa labarin ya kwana. Ta yi ihu a cikin wayar, "Baba, ja ne! Ku hana kowa tashi! A faɗa a lasifikar masallaci!" Layin ya katse, ba ta san ko ya ji ba.

Ta kira Jabiru, ba ta shiga. Ta kira Mansur tana kuka, ya ce ta turo masa aikin. Ya duba ya ce shi bai san kan wannan firemwok ba, kuma ko an gyara yanzu, gyaran ba zai isa wayar da ba ta da sabis ba. Bai ce mata ai na faɗa miki ba, ita ce ta faɗa wa kanta.

Mijinta ya so ta zauna, ta ce ko da rarrafe sai ta je bakin ruwa. Ya nemo mota. Duk ramin da suka faɗa sai mararta ta ɗaure, ita kuwa bakinta bai bar salati ba. Da suka isa Lolo ta ga Kwara kamar ba ita ba: jajayen ruwa sun haye inda ake shanya taru, ga kututture da matacciyar akuya suna wucewa a guje. Saƙon ya isa, an ɗaure sauran jirage. Na Jabiru ne kaɗai ba a gani ba, cike da mata da buhunan shinkafa.

Mutane sun yi cirko-cirko a bakin gaɓa. Ba wanda ya zage ta. Wata tsohuwa da surukarta ke cikin jirgin ta dube ta kawai ta kau da kai, wannan ya fi mata zagi ciwo. Aka ba ta kujera ta ƙi zama. Aka yi azahar, aka yi la'asar, duk abin da ya taso baƙi a kan ruwa sai ta zuba masa ido har a gane reshe ne.

Rana ta yi sanyi sannan wayar Alhaji Yero ta yi ƙara da lambar Benin. Wani mai shago ne daga can ƙetare. Ya ce kututture ya bugi injin jirgin ya mutu, Jabiru ya sa aka zubar da buhunan a ruwa, suka yi ta fama da gorar tuƙi har suka maƙale a wasu itatuwa ta gefen Benin, masunta suka fitar da su. Hannun Jabiru ya karye, amma babu wanda ya rasu. Jandarmomin Benin sun tsare su suna tambaya, gobe za a sako su ta mota.

Sai a lokacin Sakinatu ta zauna a kujerar da aka ba ta, mata suka kewaye ta.

Bayan kwana kaɗan ta haifi ɗiya mace. Tun kafin a yi suna, da jaririyar a cinya, ta gyara shafin: in labari ya jima ba a sabunta ba, kore da ja duk su ɓace, fuska ta koma toka-toka, murya ta ce da Hausa da Dandanci, harshen wasu mutanen bakin ruwan, "Wannan labari ya tsufa, kada ka tashi sai ka tambaya." Da ta gama wankan jego ta je gaban ƙungiya ta bayyana musu abin da ya faru ba tare da ta rage komai ba. Wasu matuƙa suka ce sun bar shafin ke nan, kuma har yau ba su koma ba. Matan da shinkafarsu ta tafi sun daɗe ba su amsa gaisuwarta da sakin fuska ba.

Mansur ya sake ba ta shawarar ta koma babban firemwok. Ta auna, ta ga laifin ba na ƙaramin ba ne, kuma wayoyin bakin ruwa ba su canza ba, sai ta bar shi. Amma ta ɗauki rabin maganarsa: ta jawo Batulu, wata malamar kwamfuta a sakandaren 'yan mata, ta koya mata aikin daga tushe har ta iya gyara shi ita kaɗai. Yanzu in damina ta kama, su biyu ke karɓa-karɓa, wannan ta duba da safe, waccan da yamma. Jabiru ya koma tuƙi bayan an kwance masa ɗauri, ya kuma sayi sabon inji.