Gidan Da Babu Ko Kaza

A duk faɗin ƙasar Wudil, daga bakin gada har ƙauyukan Ɗankaza, ba a taɓa yin mutumin da ya san zuciyar kare kamar Malam Nu'uman ba. Babu wanda ya taɓa musa wannan magana, domin babu wanda ya taɓa sha'awar matsayin. A garin da ake auna mutum da shanun da ya kora kara, kasuwar dabbobi, ranar Juma'a, gwanin kare sahunsa ɗaya da gwanin hamma.

Ya yi ƙuruciyarsa yana riƙe wa likitan dabbobi ƙafar saniya lokacin allura. Da ya yi ritaya aka ba shi takardar yabo da agogon bango, ya koma gidansa da ke bayan gari, inda unguwa ke ƙarewa fadama ta fara. A can ya kewaye wani ɗan fili da langa-langa, ya soma tara karnukan da aka gama da su. Akwai na mafarauta da suka tsufa, akwai na masu gadi da aka sallama, akwai kuma waɗanda ɗalibai ke reno don ɗaukar hoto, in sun kammala karatu su bar su a ƙofar ɗakin haya tare da tsohuwar katifa. Yakan cire musu kaska, ya ciyar da su ƙanzo da ƙashin mahauta, in sun murmure ya nema musu gida wajen masu lambu da masu buga bulo.

Mutanen unguwa suka sa masa suna Sarkin Karnuka, kuma ba don girmamawa ba. In ya ba da hannu a ƙofar masallaci, wasu da yatsu biyu suke karɓa. Matarsa Safara'u ta daɗe da daina faɗa. Ta ware masa kwanonsa da butarsa, ta bar sauran ga Allah.

Duna a cikin buhu ya zo. Wani mai gadi a gefen kara ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo, saniya ta soke shi a haƙarƙari. Nu'uman ya ɗinke shi, ya rayu, ya girma ya zama dogon baƙin kare mai farin ƙirji. A wajen mutane ba a taɓa ganin mai ladabinsa ba. Yara su ja masa kunne, ya kwanta ya miƙa musu ɗayan. Amma da ya hango dabba, kowace iri ce, sai gashin bayansa ya miƙe, idonsa ya juye, ya daina jin sunansa. Ba ya bambanta tunkiya da agwagwa. 'Yan'uwansa karnuka ma bai ƙyale su ba, har sai da aka yi masa ɗaki shi kaɗai, gatan da ɗan farin Nu'uman bai samu ba.

"Ba mugunta ba ce," in ji Nu'uman ga duk wanda ya tsaya saurare. "Tsoro ne. Shi a wurinsa duk abin da ba mutum ba, saniyar nan ce ta dawo."

Bayanin yana da kyau, sai dai bai dawo da kajin maƙwabta ba. Ranar da Duna ya tsinke igiya ya yaga cinyar ragon layyar wani maƙwabci, mai unguwa ya aika aka kira Nu'uman. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, aka tambayi yadda aka ji da ruwa, sannan aka zo kan magana.

"Malam Nu'uman, kai dattijo ne, ba zan yi maka faɗa ba. Sauran karnukanka mun haƙura, mun ɗauke su jarrabawa daga Allah. Amma baƙin nan, kafin a yanke gero ya bar mana unguwa."

"Ranka ya daɗe, ina zan kai shi?"

"Ni kake tambaya? Ai kai ne sarkinsu. In ka rasa, ga masu babur nan."

Masu babur su ne mutanen da ke zagaya ƙauyuka da kejin ƙarfe a bayan mashin suna sayen karnuka. Ba a tambayar su inda suke kai su, domin kowa ya sani.

Nu'uman ya busa wa kekensa iska ya shiga nema. Sharaɗinsa ɗaya ne, gidan da babu dabba. Sai a lokacin ya gane irin ƙasar da ya tsufa a cikinta. A Utai ya sami wani manomi mai suna Ƙasimu da ke neman karen gadi ido rufe.

"Amma fa sai in ba ka da dabba a gida."

"Dabba? Haba Malam, dube ni mana. Ni me nake da shi?"

Kafin ya rufe baki wani abu ya ɓarke da kuka a bayan danga.

"Wannan fa?"

"Wannan ai jaki ne."

"To."

"Jaki kuma za ka lissafa? Ai shi abin hawa ne."

Haka aka yi ta yi. Mai gidan bulo yana da zabi. Masunta suna da agwagi. Wata malamar asibiti ta rantse ba ta da komai, sai ga mage ta fito daga ƙarƙashin kujera tana miƙa. Kowa zai fara da kukan babu, sannan wani abu ya amsa masa daga bayan gida. Talakan Wudil yana iya rasa abin ɗora wa tukunya, amma ba ya rasa abin da zai kora daga bakinta. Gero kuwa yana ta fitar da kai, bai san ana jiran sa ba.

Masu ɗibar yashi ne suka nuna masa gidan Hansai. Gida ne guda tilo a kan tudu kusa da kogi, nesa da na ƙarshen unguwa, katangarsa ta zube ta gefe ɗaya. Hansai tsohuwa ce mai daddawa. Jinyar mijinta ta cinye awakinta ɗaya bayan ɗaya, kazar ƙarshe kuma aka yanka ta ranar sadakar arba'in. 'Ya'yanta biyu sun riga ta gidan gaskiya. Icen da take tarawa na dafa kalwa kullum sai an rage mata shi, ba ta kuma san mai ragewa ba.

Bayan sun gaisa Nu'uman ya leƙa tsakar gidan, ya kasa kunne. Shiru.

"Iya, da gaske ba ki da ko kaza?"

"Malam, gori ka tako ka yi min har gida?"

"Wallahi, Iya, tun da na fara yawon nan ban ji albishir irin wannan ba."

Ta dube shi kamar mai tunanin ko a kira masa mutane. Da ya gama bayani sai ta kafa nata sharuɗɗan. Ba zai shiga ɗaki ba, ba zai lashi kwano ba, ba zai kusanci tabarmar salla ba. Nu'uman ya kawo magini ya tayar da katangar da ta zube, ya ciro langa-langa daga nasa shingen ya yi mata ƙofa, sannan ya kawo Duna.

Ba a yi nisa ba karen ya yi ƙiba. Ya zaɓi bakin zaure ya mai da shi wurin zamansa. Icen Hansai ya daina tafiya. Ita kuma, wadda ta saba yini ba ta yi magana da kowa ba sai mai sayen daddawa, ta sami wanda za ta yi wa faɗa. "Ɗan banza, matsa min in wuce." "Ɗan banza, yau ma ba a saya ba, sai ka ci haƙuri." In ta kankare tukunya, ƙanzon nasa ne. Tabarmar salla kuwa bai taɓa takawa ba. Yakan kwanta a gefe ya jira ta sallame.

A nan ne Malam Nu'uman ya yi kuskurensa. Mutum ne da ya yi shekaru yana jin ba'a, bai taɓa samun labarin nasara da zai bayar ba. Da ya samu sai ya kasa riƙe shi. Ya faɗa a teburin mai shayi, ya faɗa a majalisar ƙofar gidan mai unguwa, ya faɗa a wajen ɗaurin aure.

"Na samu! Gidan Iya Hansai. Wallahi ko kaza babu. Ko ƙwai ba za ka gani ba a gidan nan."

Shi yabo yake yi. Amma a Wudil ba a faɗin haka a kan gidan da ke da dangi. Hansai kuwa tana da ɗan ƙane, Mudassir, ma'aikacin gwamnati mai farar shadda da ke shirin neman kujerar kansila. Ya daɗe bai taka tudun nan ba, amma maganar ta iske shi har majalisarsa.

"Honarabul, ashe gwaggonka ko kaza ba ta da ita?"

"Bari kawai, ai an taimaka mata. An ba ta kare."

"To in kare ya riƙe gwaggo, mu wa zai riƙe mu in ka hau?"

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Mudassir ya iso gidan Hansai da jar akuya daga kara, da abokai biyu, ɗaya yana riƙe da waya yana ɗaukar hoto. Allah ya sa Duna na ɗaure. Ya miƙe da ƙafa biyu yana shaƙe kansa da igiya, akuyar ta saki fitsari a zaure.

"Gwaggo, ga 'yar akuya, ki riƙa kiwo."

"Kai, Mudassir, yau kai ne a gidan nan? Allah ya yi maka albarka, Allah ya raya zuri'a. Sai dai karen nan, ɗana, ba ya..."

"Kare kuma? Gwaggo, ana zagi na a gari saboda ke, ke kina zancen kare?"

Ta kama igiyar, aka ɗauki hoton. Ba ta da wata hanya. Tsohuwar da ta mai da kyautar ɗan ƙanenta a gaban mutane ta yanke zumunci. Wadda kuma ta zaɓi kare ta bar akuya, kafin la'asar an gama yanke hukunci a kan hankalinta.

An gwada. Aka ɗaure akuya a ƙuryar gida, kare a zaure. Duna ya daina cin abinci, igiya ta yanka masa wuya, haushinsa ya koma wani irin gurnani da ba ya tsayawa. Akuyar ma ta ƙi ci. Nu'uman ya sa babbar rigarsa ya tafi gidan Mudassir.

"Ɗana, ka yi wa Allah ka kai ta wani gidan kiwo. In ta haihu a kawo wa gwaggonka rabonta. Ladanka na nan."

"Baba, kai ne ka tona mana asiri a gari. Yanzu kuma so kake a ce Mudassir ya ba da abu ya karɓe? Ni ba a yi min wannan tarbiyyar ba."

Kwana kaɗan bayan haka Hansai ta aiko a kira Nu'uman. Ya same ta a tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

"Malam, ka ɗauke shi."

"Iya, a ƙara haƙuri, ko zai saba."

"Ba zai saba ba, kai ma ka sani. Ba wai ba na so ba ne. Akuya, in na mutu za a ce na bar wani abu. Shi kuwa me za a ce?"

Ta shiga ɗaki ta miƙo masa ƙanzo a ƙulle cikin tsumma, ta bayan labule. Ba ta fito ba. Duna ya yi ta waiwayen zauren har suka gangara daga tudun.

An riga an yanke gero, ana ɗaurin dami. Mai unguwa bai aiko ba, ya dai gaishe da Nu'uman a hanya ya tambaye shi lafiyar baƙin karen, ya kuma tsaya jiran amsa. Nu'uman ya sake zagaya gidajen da ya riga ya zagaya. Jakin Ƙasimu yana nan lafiya.

Mai babur ya zo da hantsi. Akwai karnuka uku a kejinsa. Duna, da yake ba shi da abokin gaba a cikin mutane, ya tarye shi yana kaɗa wutsiya, ya tsaya cak aka ɗaure masa baki.

"Don Allah ka ware shi," in ji Nu'uman. "Ba ya iya zama da wasu. Tsoro yake ji."

Mutumin ya dube shi, ya dubi kejin guda ɗaya da ke bayan mashin.

"Baba, ai zaman ba mai tsawo ba ne."

Ya miƙo kuɗi, Nu'uman ya juya masa baya. Safara'u ta fito ta karɓa, ta ce ba a bar wa baƙo haƙƙin gida.

Malam Nu'uman yana nan a bayan gari. Har yanzu ana kawo masa karnukan da aka gama da su, har yanzu yana cire musu kaska. Ɗakin Duna ya zama ma'ajiyar buhunan dusa. In ya sama wa wani kare gida, ba ya gaya wa kowa; ya zauna a teburin mai shayi ya sha ya tashi, mutane suna cewa tsufa ne ya soma kama shi. Bai ƙara hawa tudun Hansai ba, ita ma ba ta aiko ba. Masu ɗibar yashi sun ce icenta ya koma raguwa, kuma wani lokaci in sun wuce sukan ji ta tana cewa wani ya matsa mata ta wuce.

Da sanyi ya shigo matar Mudassir ta haihu. Ya je gidan gwaggonsa ya bayyana mata cewa kiwo ya ba ta, ba kyauta ba, kamar yadda ya faɗa a gaban shaidu. Ya kwance akuyar ya kai kara, ya sayar, ya cika kuɗi ya sayi ragon suna. An aika wa Hansai da nata ƙullin naman.

Gidanta yanzu babu ko kaza.