Ruwan Daminar da Inna Ta Tafasa

Yayata ta tafi karatun digiri na uku a wata ƙasa mai sanyi, kuma abin da take bincike a kai ya daɗe yana ba mu dariya a gida: dusar ƙanƙara. Mu da ba mu san wata ƙanƙara ba sai wadda ake jefawa a zoɓo. Ta yi mini bayani a waya cewa a kan duwatsun can, wani kaso na dusar ba ya narkewa, iska yake bi kai tsaye, kamar yadda kafur ke ƙarewa a akwati bai jiƙa zane ba. Ta ce ƙwayoyin ruwa ba nauyinsu ɗaya ba, marasa nauyin ke fara tashi, daga abin da ya rage na'urarsu ke gane yawan abin da iska ta kwashe. Na ce Allah ya ba da sa'a, don rabin maganar ce ta shiga kaina.

A shekararta ta ƙarshe ta ɗora mini aiki. Babin ƙarshe na kundinta yana buƙatar ruwan sama na ƙasa mai zafi don kwatantawa, damina guda cur, daga ruwan farko har na ƙarshe. In ya isa hannunta, ta kammala ta dawo gida. Gidan da muke haya a unguwar Tarauni darbejiya ta rufe tsakar gidansa, don haka na kafa jarka da mazurari a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, wajen mahaifiyarmu Inna. Duk ranar da aka yi ruwa, in na tashi daga makarantar da nake koyarwa, sai in hau adaidaita in je in juye a 'yar kwalba, in ɗiga farin mai a kai don kada ya bi iska, in toshe, in rubuta kwanan wata a takarda in manna. Kwalaben na jera su a kwali ƙarƙashin gadon Inna. Abin da na gaya mata kawai shi ne kayan Yaya ne, malamanta za a kai wa. A ganina bayanin ya fi ƙarfinta, kuma wannan rainin nawa ne ya jawo komai.

Yaya ce 'yar fari, Inna kuwa mai kunya ce irin ta mutanen da. Ba ta kama sunanta, sai dai ta ce waccan. In Yaya ta kira ba ta karɓar waya, sai ta zauna kusa tana tsintar shinkafa tana kasa kunne.

Saura kwana uku mutumin da zai kai wa Yaya kwalaben ya tashi, na je ɗaukar kwalin. Ina buɗewa na ga kwalabe tas, ruwa garau. Inna ta ce ai dubawa ta yi ta ga maiƙo yana yawo a sama, wasu har da baƙi-baƙi a ƙasa, kuma ba za a kai wa malaman waccan ƙazanta a ce daga gidansu ta fito ba. Ta juye duka a tukunya ɗaya, ta kwashe man, ta tafasa, ta tace da sabon farin ƙyalle, ta wanke kwalaben ta mayar. Ko takarda ɗaya ba ta jiƙa ba. Yini biyu ta yi tana wannan aiki, ga ciwon gwiwa.

Na san ruwan da aka cakuɗa aka tafasa ba zai ƙara yi wa Yaya amfani ba. Ni dai ban iya haɗiye magana ba. Na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa, har da cewa wanda bai san abu ba ya bar shi. Kallon kwalaben kawai take yi. Nan take tausayinta ya kama ni, amma magana ta riga ta fita.

A gabanta na kira Yaya na gaya mata. Ta tambaya ko da kwalba ɗaya ta tsira. Na ce babu. Ta ce ba komai, za ta roƙi a ƙara mata lokaci, mu sake tarawa baɗi, kada kuma in ɗaga wa Inna hankali.

Sai Inna ta miƙo hannu na ba ta wayar. Ban taɓa ganin ta yi haka ba.

"Wato sai an sake wata damina za ki dawo?"

"Eh, Inna."

"Ni na ƙara miki shekarar ke nan."

Yaya ta ce ai alheri Inna ta nufa. Inna ta ce Allah ya yi mata albarka, ta mayar mini da wayar, ta tashi da ƙyar ta je ta ja ƙofar ɗakin Yaya. Kafin ta rufe na hango ciki: ashe har ta sa an yi fenti, an rataya sabon labule.