Layin da Baba Ya Ja a Wuya

Na ga dodanni iri-iri a takarda. A Masar na ga mai kan kada, a Ingila nasu fukafukai gare su da wuta a baki, a Gwalkwas kuma, wato Gana ta yanzu, an nuna mini wani mai zama a kan reshe ƙafafunsa na jan ƙasa. Kowace ƙasa ta san fuskar abin tsoronta. Mu kuwa tun kaka da kakanni muke razana yara da dodo, amma ba wanda ya taɓa cewa ga kamanninsa. Ban lura da haka ba sai da aka ce in zana shi.

Lokacin ina saurayi, ban daɗe da fita makarantar Midil ba, ina koyarwa a elementare a garinmu, Birnin Gwari. Wani Bature mai aikin littattafai a Zariya ya ga zanen da nake yi wa yara a allon aji, sai ya aiko mini da tatsuniyoyi rubuce da boko, da farar takarda mai kauri, da kwalbar tawada baƙa wuluk wadda in ta bushe ruwa ba ya fitar da ita. Hotuna yake so. Tatsuniyar farko ta wata yarinya ce da ta je rafi ɗibar ruwa, dodo ya haɗiye ta.

Da dodon na fara. Na tambayi tsofaffin gidanmu da hantsi, suka kore ni, wai mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a kasuwa. Da na nace, ɗaya ta ce gashi gare shi har gadon baya, ɗaya ta ce ƙarya ne, baki ne kawai da ciki. Wani maharbi Bagware da nake taɓa Gwaranci da shi ya yi dariya, ya ce su nasu dodon tsafin sun san mai shiga cikin rigarsa, ba a dai faɗa wa mata. Na bi shi daji ta wajen Kakangi, na yi ta kallo. Na ari fatar kuka, da hannun gwaggon biri, da idon mujiya, na haɗa. Abin ya fito kamar tsohon ɗan haƙar zinariya da yunwa ta ci. Na bar shi haka.

Yarinyar ce ta ba ni wuya. Hannuna ya saba da yaran littattafan Turawa, duk wadda na zana sai ta fito kamar 'yar Bature da aka shafa wa gawayi. Sai na aika gidan Yayata aka kawo mini 'yarta, wadda lokacin ta fara famfara. Na kife turmi a tsakar gida, na ɗora ta, na ba ta ɗan tulu ta riƙe.

"Kawu, dodon cinye ni zai yi?"

"Haɗiye ki zai yi. Daga baya a farke cikinsa ki fito."

"To wa zai wanke mini zanena?"

Ba ta iya zama wuri ɗaya. Da ƙyar na samu goshin nan nata mai faɗi, da giɓin haƙoranta, da yadda take karkata kai in tana saurare. Da na gama, duk wanda ya leƙa sai ya ambaci sunanta.

Ita ce 'yar farin Yaya. Saboda haka Yaya ba ta faɗin sunanta, ba ta wasa da ita, ba ta tsayar da ido a kanta a gaban mutane. "Yarinyar nan" take ce mata. Haka aka yi wa Yaya ita ma, ba wanda yake ganin wani abu ne.

Mahaifinmu malamin allo ne, a zaure yake yini. Ya ji hayaniya, ya aiko in kawo ya ga abin da ake yi da amaryarsa, don haka yake tsokanar jikar tasa. Ya karɓi takardar, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ita ce kuwa." Sa'an nan ya tsoma alƙalaminsa na kara cikin tawada, ya ja layi a wuyan dodon, ya ja wani a wuyan yarinyar.

"Ranar gobe ƙiyama za a ce wa mai zane ya hura rai a abin da ya zana," in ji shi. "In wuyan a yanke yake, ba mai rai ba ne, ba za a tambaye ka ba."

Ban yi musu ba. Bayan shekaru na ga irin wannan layi a shagon wani tela a Sudan, a kan hotunan jarida da ya manna a bango. Ba Baba kaɗai ba ne.

Da la'asar Yaya ta zo tafiya da yarinyar, ta ga takardar a kan tabarma. Ta durƙusa ta gaishe da Baba, idonta na kan layin.

"Baba, an yanka yarinyar nan."

"Takarda aka yanka, ke. Ga amaryata can tana wawurar ƙuli-ƙulina."

Aka yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa, suka tafi.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari. Hukumar En'e ta hana cin kasuwa, aka yi bukkoki a bayan gari don marasa lafiya, aka ce kowa ya riƙa kwana a fili. Yarinyar ta tashi da ciwon kai, wuyanta ya sandare, kanta ya koma baya. Ba ta daɗe ba. Ni na ɗauke ta a hannu cikin tabarma zuwa maƙabarta, ba ta fi nauyin tulun da na ba ta ba. A layin da muka sa ta akwai sababbin kaburbura ƙanana da yawa. Na dawo, na wanke hannu, na zauna na ci gaba da zana ƙafar wani dodo, don Zariya na jira. Ina tuna na gyara farcen sau da yawa. Ban ji komai a raina ba. Na yi ta jira in ji, bai zo ba.

Yaya ba ta yi kuka ba. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a. Ta zauna a ɗaki, masu gaisuwa na shiga suna fita, tana cewa, "Haƙuri sai ma'aiki." A bayan danga kuwa mata na ƙus-ƙus: wuya aka ja wa layi, wuya ya kama. Maganar ta kai kunnen Baba. Daga nan ya daina tsokanar sauran jikokinsa.

Bayan ruwa ya sauka, wata safiya Yaya ta shigo ɗakina. Ba ta taɓa shigowa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara lulluɓi.

"Takardar nan tana wurinka?"

Na ce tana nan, ban aika ba.

"Ina so. Amma ba da abin nan a wuya ba."

Na ce zan sake zana mata wata. Na kuwa gwada. Na ɓata takarda mai yawa. Goshin ya fito, giɓin ya fito, amma ba ita ba ce. Wadda ta zauna a kan turmi guda ɗaya ce, ita ce kuma mai layin. Na gwada kankare gefen layin da reza a wuyan dodon, takardar ta fara tashi, na bari.

Sai na ɗauki takardar na tafi zaure. Almajirai sun fita gona, Baba shi kaɗai yana feƙe alƙalami. Na zauna, na ajiye ta a gabansa, na faɗa masa abin da Yaya ta roƙa. Na ce na san hukuncin da ya faɗa mini, ban zo jayayya ba. Bai dubi takardar ba. Ya ci gaba da fiƙa har na zaci bai ji ni ba.

"Tawadarka ta Turawa, ruwa na cin ta?"

Na ce a'a.

"Ni tun da nake ban taɓa rubutu da tawadar da ba ta wankuwa ba."

Ya sa ƙafa ya turo mini ƙoƙon da yake wanke allo, da sauran ruwa a ciki, ya tashi ya shiga gida.

Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, don a wanke aka yi ta. Na samo auduga, na jiƙa, na matse, na riƙa dangwalawa a wuyan yarinyar a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Baƙin ya bi audugar. Zanena bai motsa ba. Dodon kuwa na bar masa nasa layin. Da takardar ta bushe sai wata 'yar inuwa ta rage a wuyan, kamar inda zaren laya ya daɗe.

Na zana wa Zariya wata yarinya da ba 'yar kowa ba, aka buga. Tun daga nan na zana yara da yawa a garuruwa da yawa, ban sake ɗora ɗan kowa a kan turmi ba.

Na kai wa Yaya takardar da rana, mijinta na gona. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya mini baya, ta fuskanci hasken ƙofa. Na tsaya. Kaji na tono a tsakar gida, tukunya na tafasa ba wanda ya kula ta. Tun da aka haifi yarinyar ban taɓa ganin Yaya ta dube ta tsawon haka ba.

Can ta ce, "Ashe haka kunnenta yake."

Ta yage gefen da dodon yake, ta miƙo mini ba tare da ta juyo ba. Sauran ta naɗe cikin sabon kallabi, ta sa a ƙasan adudu, ta fita ta sauke tukunyar.