Shatin Farcen Goggo a Hannun Sista

Har yau in na ji ana yabon mara lafiya da dauriya sai raina ya ɓaci. A kan Goggona abin ya samo asali.

Yayar babanmu ce, ita ta goye ni kafin a kawo ni Kano karatu. A ruga take zaune, can bayan Ɗanzomo. Wata safiya tana tatsa, saniyar ta zabura ta ture ta, ta faɗi da ƙugu a kan turke. Aka kwaso ta zuwa wani asibiti a Gumel. Da aka kira ni, washegari na nemi izini a wurin aiki na hau mota.

A ɗan ɗakin gefe na same ta. Baffa, babban wansu, yana kan kujera da carbinsa. A bakin ƙofa kuma, kan tabarma, mijin 'yarta ta fari ne. Matarsa na jego, shi ne ya baro gonarsa a Gagarawa ya zo a madadinta. Mutumin kirki ne, wallahi. Tun safe yana nan zaune, kai a sunkuye, salla kaɗai ke tashinsa.

Na ce, "Goggo, ya jikin?"

Ta ce, "Da sauƙi, 'yar nan. Kin sha hanya. An ba ki ruwa?"

Haka ta gaya wa likita ma. Hoto ya nuna ƙashin ƙugu ya karye, ya ce sai an kai ta Kano an yi aiki. Ya tambaye ta zafin fa, ta ce alhamdulillahi. Ya sake tambaya, ta sake godiya ga Allah. To me zai yi? Ya rubuta mata ƙwayoyi daidai wanda ya ce ciwonsa da dama-dama.

Masu dubiya kuwa ba su bar ta ta huta ba. Kowa ya shigo sai ya ce, "Kai, jinin gidan nan ba ya raki." Shi kuma Baffa sai ya gyara zama ya ɗauko labarin kakarsu. Wai zamanin da Turawa suka fara shigowa ƙasar Gumel, naƙuda ta kama ta a hanyar Maigatari da ƙwaryar nono a ka. Ta ratse bayan kalgo ta haihu, ta yanke cibi da ɓawon kara, ta ɗauki ƙwaryarta ta ci gaba da tafiya, ko nishinta ba a ji ba. Sau uku ya ba da labarin nan cikin kwana biyu, da ƙarfi, a kan kunnen matar da ƙashinta ke karye.

Ni ma ban fita ba. Ina gefen gado ina danna waya, ina tura wa dangi saƙo cewa Goggo na samun sauƙi, har hira take yi. Ni da nake ganin na waye.

Rana ta uku da safe Baffa ya yanke magana. Tunda ciwon ya lafa, ba za a je Kano a yanka ta ba. Akwai mai ɗori a wajen Sule Tankarkar, gida za a mayar da ita. Ya kira direba ya ce ya zo bayan azahar. Na tuna hanyar rugar nan, yashi da kwazazzabai, na ce, "Baffa, da dai an bi maganar likita." Ya ce, "Ita mai jikin ta ce miki wani abu ne?" Na dubi Goggo. Ta lumshe ido.

Wajen hantsi wata nas ta shigo, ranar na fara ganinta. Gajeriya ce, ta manyanta, takalminta duk ya cinye ta gefe guda. Ta gaida Baffa, sannan ta tsaya a ƙarshen gado tana kallon Goggo, ta fi minti biyu.

Sai ta ce, "Alhaji, a ɗan ba mu wuri, zan gyara ta." Ta leƙa ƙofa. "Kai kuma Malam, ba nan ba. Ɗauki tabarmarka, can gindin darbejiya."

Ya ce, "Sista, ai ba na shiga."

"Na sani. Can dai."

Ta rufe ƙofa, ta saki labule. Ta juyo kaina. "Ke 'yar birni, ajiye wayar nan. Sau nawa ta yi fitsari tun jiya?"

Ban sani ba.

Ta ɗaga butar ruwan sha, cike take. Ta jawo bakin mayafin Goggo ta nuna min, a jiƙe, an tauna shi har ya huhhuje. Ta yaye zanin rufa daga ƙafa, yatsun duk sun ƙanƙame. Ta ce a hankali, "Ba ta shan ruwa don kada ta nemi fo surukinta na ji. Kwana uku. Kina zaune a nan."

Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Ta jawo kujerar Baffa ta zauna dab da kan Goggo. "Inna, ba zan tambaye ki komai ba. Na san bakin nan ba zai faɗa ba, tawa uwar ma haka take. Ga hannuna, ki riƙe. Yadda yake cin ki, haka za ki matse. Ba mai ji."

Goggo ta kalli ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kama hannun.

Na ga jijiyoyin hannunta sun tashi. Na ga yatsun Sista sun haɗe wuri guda, farce na shiga nama. Ba ta janye ba. Da ɗaya hannun take share mata goshi tana cewa, "Sannu. Sannu, Inna. Ƙara, ina nan." Can sai wani sauti ya fito daga ƙirjin Goggo, ƙasa-ƙasa, mai tsawo. Ban taɓa jin irinsa a bakinta ba, ko ranar da mijinta ya rasu. Hawaye suka gangara har cikin kunnenta.

Sista ta jira har ta sake ta don kanta. Ta fita da sauri ta dawo da likita, ya rubuta allura, ta yi mata. Ba ta taɓa ta ba sai da allurar ta kama. Sannan ta ce in tallafi kafaɗa, muka ɗan karkata ta a hankali, tana gaya mata kowane motsi kafin a yi. Ta sa mata fo, ta wanke ta da ruwan ɗumi, ta shafa mata mai a baya inda kwanciya ta fara ci. Ta tura matashi ta tokare ƙafar. Ruwa kuwa da cokali ta riƙa ba ta, tana tsokanarta. "Sha mana, Inna, ba nonon shanunki ba ne da za ki yi min rowa." Goggo ta yi ɗan murmushi. Kafin azahar ta yi barci.

Mota ta iso. Baffa ya taho yana cewa a haɗa kaya. Sista ta tare shi a baranda ta miƙa masa bayan hannunta. Shatin farce huɗu, biyu na tsattsafo da jini.

"Alhaji, ga amsar ƙanwarka."

Ya duba. Ya ce, "Da bakinta ta faɗa?"

"A'a."

"To."

Wannan "to" ɗin ne ya tunzura ni. Na ce, "Baffa, kakar nan da kake ta faɗa, wa ya bi ta bayan kalgon? Ita kaɗai ce fa! Wa ya sani ko ihu ta yi har muryarta ta dashe? Kun ɗauki labarin da ba ku gani ba kun toshe wa mace baki da shi!"

"Ke! Ni kike gaya wa haka?"

Sista ta ce, "Ke, yi shiru, ba a haka da manya." Ta sassauta murya. "Alhaji, don Allah zo ka leƙa kawai."

Ta ɗan buɗe ƙofar. Goggo na kwance baki a buɗe, tana minshari.

"Tun da kuka zo, ka ga ta yi barci irin wannan?"

Surukin ne ya matso, tabarmarsa a hammata. "Sista, zamana ne ya hana ta?"

"Zamanka alheri ne, Malam. Ka riƙa yinsa daga nesa."

Ya juya ya goge ido da hannun riga. Shi na tausaya masa. Baffa kuwa ya fi minti goma yana tsaye a barandar nan. Daga baya ya je ya sallami direban, ya dawo ya ce wa Sista a rubuta takardar Kano. Ni ko kallona bai yi ba, kuma sai da aka yi wata biyar kafin ya sake amsa gaisuwata. Ban je ban haƙuri ba. Babanmu ya yi ta fama da ni, na ce a bar ni.

Bayan la'asar Goggo ta farka. Ta ce yunwa take ji, a samo mata fura mai tsami. Ta shanye kofi guda tas. Ina goge mata baki ta riƙo gefen hijabina ta jawo ni kusa.

"'Yar nan, kada ki gaya wa kowa na yi kuka."

Na gyara mata matashi. Ban yi mata alkawari ba.