Mai Nonon da Mota Ta Ture

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ina koyar da ajin yaƙi da jahilci na matan aure a Kabo. Asabar da Lahadi muke haɗuwa bayan la'asar, a wani ajin firamare. Littattafan koyon karatu babu su, tun zamanin tsuke bakin aljihu aka daina aiko mana. Alli ma ni nake zuwa da abina. Don haka sai na riƙa ɗauko littafin labari daga gida, in naɗe bangonsa da takardar buhun siminti, saboda a lokacin an fara yi wa irin waɗannan littattafai kallon banza. In karanta shafi biyu, mu tsinci kalmomi mu rubuta a allo.

Wanda na fi so labarin wata 'yar birni ne, 'yar wani attajiri, wadda ta dage sai da ta gama makaranta ta nemi aikin ofis. Akwai wurin da take tsallaka titi, wani saurayi ya kauce mata da mota, ya ture wata Bafilatana mai tallar nono. Ya fito a guje ya tambayi yarinyar ko ta ji ciwo. Mai nonon kuwa tana ta kururuwa da gurguwar Hausa, jama'a suna dariya. Daga nan soyayyarsu ta fara.

Da na zo wurin na kwaikwayi muryar mai nonon. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi.

A bencin baya akwai wata dattijuwa daga Durun, mijinta ya rasu, da dakau take ci da kanta. Ba ta cika magana ba. Ta ɗaga hannu yadda na koya musu.

"Malama, ita mai nonon fa? Ta tashi?"

Na ce bari in duba. Na buɗa gaba, na sake buɗawa. Ba a ƙara ambatarta ba har ƙarshen littafin.

Wata Hajiya, matar mai sayar da hatsi, ta ce, "Ai labarin ba nata ba ne. Mu dai mata mu ji daɗi 'yar'uwarmu ta yi karatu ta ci gaba."

"Ita ma mai nonon ai mace ce, Hajiya," in ji dattijuwar.

Wata amarya da ke zuwa Islamiyya da safe ta ce ita abin da ya dame ta tsayuwar yarinyar da namiji a bakin titi. Suka ɗauki musu su uku har aka kira magariba, ranar ko kalma ɗaya ba mu rubuta ba.

Sau huɗu na karanta littafin nan kafin ranar, ban taɓa tsayawa a kan matar ba. Ga shi kuwa mahaifiyata nono ta yi ta sayarwa a Getso, har shanunmu suka ƙare Baba ya koma noma gaba ɗaya. A kwalejin horon malamai, in an tambaye ni, cewa nake yi mu manoma ne. Gaskiya ne, amma ban taɓa faɗin sauran ba. In na buɗe littafin, kaina nake gani a jikin yarinyar, don ni ma na yi boko.

Da Juma'a ta zagayo na je Getso da littafin a jaka. Na tarar da Inna tana ɓarzar wake. Na ce zan karanta mata wani abu, na ɗan faɗa mata yadda labarin yake, sannan na karanta wurin mai nonon da muryata ta kullum.

Ta ce, "Wannan mai rubutun bai taɓa zama da mu ba. Ni a garin nan aka haife ni, Hausata ta fi tasa. Kuma wace mai nono ce za ta tsaya kururuwa? Ƙwaryarta za ta fara dubawa ko ta tsage."

Na zaci shi ke nan ta gama da littafin. Sai ta ce, "To yarinyar ta sami aikin?"

Na ce ta samu.

"Madalla. Koma farko ki karanto mini."

Zuwa uku na yi kafin mu gama shi. Ta yaba wa yarinyar, ta ce uwarta ce ba ta da kirki. Da muka gama ta ce in nemo mata wanda akwai shanu a ciki. Na duba a shimfiɗar mai littattafai a kasuwar Gwarzo ban samu ba, na kawo mata labarin wani tela. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ba laifi.