Ba Mu Bin Ɗan Kama

Shekarar da ta biyo bayan ba mu jiha, ina koyar da Hausa a wata sakandare a Aliero, aka ce mu shirya wasa don wayar da kan manoma. Muka tsara labarin dillalin da ke cusa ruɓaɓɓiyar albasa a gindin buhu ya rufe da mai kyau. Yara sun kasa taka rawar dillalin, sai na roƙi malamin Arabiyyarmu, mutum mai kunya, wanda ke jan salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya gari. Ya yarda don girmana kawai.

Ya iya fiye da yadda ya kamata. Bayan la'asar aka yi abin a filin makaranta. Ya lallatsa buhu, ya rantse, ya kalli sama. Dattawan unguwarsu na gaba kan kujeru, suna dariya har da share hawaye da bakin rawani.

Da liman ya tafi ta'aziyya Maiyama, malamin ya matsa gaba zai ba da azahar. Wani dattijo, dillalin albasa na gaske a kasuwar Jega, ya kama masa hannun riga.

"Malam, koma sahu. Ba mu bin ɗan kama."

Washegari malamin ya roƙe ni in je in yi wa dattawan bayani, tunda ni na jawo masa. Na je da ilimina kamar mai zuwa jarrabawa. Na ce ɗan kama shi ne mai yawon kasuwanni yana juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya, a yi dariya a ba shi na abinci. Abin da muka yi wasan kwaikwayo ne, daga kwaikwaya, yadda ɗa ke kwaikwayon tafiyar ubansa. Dirama kuwa aron Turanci ce. Larabawa ma tamsiliyya suke cewa, tushenta ɗaya da misali, wanda kowane mai wa'azi ke bugawa.

Suka saurare ni da ladabin da ake yi wa mai tallan magani.

"Malam, kai ka san sunaye," in ji dillalin. "Mu dai mun gani da idonmu. Wanga latsa buhu da yay yi, ba a makaranta anka koya mishi ba."

"A kasuwa ya gani, Alhaji. Wurin masu yi."

"To, Allah shi shirye su," ya ce, ko gezau.

Aka kira la'asar muna nan zaune. Liman bai dawo ba, aka dubi juna, aka tura dillalin gaba, wai shi ne babba. Ya gyara rawani, ya ce a daidaita sahu. Malamin Arabiyya ya tsaya can baya kusa da takalma, kuma nan ne wurinsa har aka yi masa canji zuwa Jandutsi.

Ni na bi sallar. Da na isa gida na sake ta.